Kwalara a Kosti, rijiya a Kwarbai: muhawara kan ruwan sha a lokacin yaƙi

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, labarin da ke biyo bayan na harbe-harbe shi ne na amai da gudawa. Sudan kuwa cike take da 'yan'uwanmu Hausawa, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har Gadarif da Kasala. Muna da injiniyoyi da likitoci da duba-gari a nan. A yi mana bayani: yaya yaƙi ke ɓata ruwa? Guba ce ke zuba daga makamai ko me?

Injiniya Samaru: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, gubar makamai tana nan, amma ba ita ke kashe jama'a da yawa ba. Kashin mutum ne ke shiga ruwan sha. Ba sai an jefa bam a kan matatar ruwa ba, ya isa a kashe mata wuta. Dubi Kosti a jihar Farin Nilu. A Fabrairun 2025 aka kai hari tashar lantarki da ke kusa da Rabak, matatar ruwan Kosti ta tsaya cak. Mutane suka koma sayen ruwan da ake ɗebowa kai tsaye daga kogi a amalanken jakai. Cikin kwanaki kaɗan asibiti ya cika da ɗaruruwan masu kwalara har ana kwantar da su a ƙasa. A watan Mayu na 2025 aka maimaita a Omdurman: jirage marasa matuƙa suka bugi tashoshin wuta, ruwa ya ɗauke, kwalara ta tashi a Khartoum.

Matatar ruwa tana rayuwa ne a kan wuta, alif, kulorin, kayan gyara da ma'aikata. Ɗaya ya yanke, sauran ba su da amfani. Janareto mai ƙarfin kVA 500 yana shan kusan lita 100 na dizal a awa ɗaya idan yana ɗauke da cikakken nauyi, wato wajen lita 2,400 a kwana. Wa zai kawo wannan man kullum ta hanyar da ke da shingen masu bindiga?

Malam Duba-gari: Injiniya ya bar guda ɗaya mai girma, albashi. A Yaman ma'aikatan gwamnati sun daina samun albashi tun wajen ƙarshen 2016. Masu kwashe shara a San'a suka ajiye aiki, bola ta toshe magudanu, matatar ruwan najasa ta rasa mai, sai damina ta sauka. Daga Afrilun 2017 zuwa Disamba adadin waɗanda ake zargin sun kamu da kwalara ya kai miliyan ɗaya. Kuma manoma na ban-ruwan kayan lambu da ruwan da ke fitowa daga matatar da ba ta aiki. Latas da tumatir su koma kasuwa, cutar ta koma cikin gari.

Ɗan Gyallesu: Injiniya, ban gane wani wuri ba. Idan famfo ya ɗauke ai babu ruwa ke nan. To ina gurɓatar take? Idan ya dawo ba shi ke nan ba?

Injiniya Samaru: A nan ne ma haɗarin yake, ƙanena. Babu bututun gari da ba ya yoyo. Muddin akwai matsi a ciki, ruwa ne ke fita waje ta tsagar, ƙazanta ba ta samun shiga. Da an kashe injin turawa, ruwan da ke ciki ya gangara zuwa unguwannin da ke kwari, sai bututun sama ya zama fanko yana zuƙo iska. Duk abin da ke kewaye da tsagar nan shi zai zuƙo: ruwan kwata, ruwan sokawe, ruwan da ya tsatso daga masai. Ranar da ruwa ya dawo, wannan ne ke fara isa gidaje, a daidai lokacin da kowa ya tara bokiti da randa yana rububin cikawa.

Masu haɗa ƙaramin inji kai tsaye a bututun gwamnati don su ja ruwa zuwa tankin sama suna ƙara wannan zuƙa, su cuci kansu su cuci maƙwabta. A yaƙi kuma tankokin soja da ramukan bam suna farfasa bututun ruwa da na najasa a wuri guda, tunda galibi a gefen titi ɗaya aka binne su.

Maman Ummi: Wannan ai ba sai an je Sudan ba. A zaga Sabon Gari da Tudun Wada a nan Zariya a ga bututun roba kwance cikin lambatu, an ɗaure tsagarsa da tsohuwar robar taya.

Injiniya Samaru: Shi ne fa, Hajiya. Matatar Shika an gina ta don lita miliyan 150 a kwana, amma ko ruwa ya fito daga can tas, wanda ake ba wa unguwa yau a ɗauke gobe ba za a kira shi amintacce a bakin famfon gida ba. A bar na farko ya zuba har ya washe, a yi shara da ban-ruwan shuka da shi, sannan a tara na sha a sa masa magani.

Alhaji Mai Burtsatse: Ni dai a ganina duk wannan dogon zance ne. Babbar matata ita ce matsalar. Bam ɗaya ko wuta ɗaya, gari duka ya shiga uku. A haƙa burtsatse a kowace unguwa a sa mata sola. Ba dizal, ba layin wuta, ba alif. Ɗaya ta lalace, tara na aiki.

Injiniya Samaru: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Sola ta ceci garuruwa da yawa a Yaman. Amma ta zo da nata: tunda rana kyauta ce ba wanda ke kashe famfo, ruwan ƙasa ya ci gaba da nutsewa a wurin da dama rijiyoyin San'a sun kai zurfin ɗaruruwan mitoci. Gaza kuma a kan rijiyoyi take, amma tun kafin yaƙin 2023 sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan ƙasarta bai dace da sha ba, saboda an ja shi har ruwan teku ya kutso, najasa kuma ta tsatso daga sama. Rijiya ba ta fi ƙasar da aka haƙa ta a ciki tsabta ba.

A Zariya dutse ne a ƙarƙashinmu. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa. Burtsatse da yawa ba sa ba da abin da zai riƙe unguwa a watan Afrilu. Tsagar dutse kuma ba ta tace komai, ƙwayar cuta na bin ta da gudu zuwa nesa.

Alhaji Mai Burtsatse: Wannan laifin masu aikin ganin-ido ne, ba laifin burtsatse ba. Aikin ƙwarai shi ne a zuba tsakuwa daidai inda matacin bututu yake, a sa laka a samanta, sannan a cike tazarar da ke tsakanin bututu da bangon rami da ruwan siminti aƙalla mita 5 na sama. A ɗaga bakin bututun sama da ƙasa kamar rabin mita, a rufe shi, a yi daɓe mai gangara kewaye. Mai gida ya ce siminti ya yi tsada, mai haƙa ya mayar da ƙasar da ya tono. Sai ruwan kwata ya bi jikin bututun ya sauka kai tsaye. Ka ga burtsatse mai mita 60 tana ba da ruwan mita 2.

Malam Duba-gari: To a kan wannan kun haɗu. Amma mafi yawan gidajen cikin ganuwa ba burtsatse ce da su ba, rijiyar hannu ce. Ƙa'idar da masu agaji ke bi a sansanoni ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ya tsaya. A Kwarbai ko Limancin Kona wane gida ne ke da filin mita 30? Ko naka ya yi nisa, na maƙwabcinka yana bayan katanga. A watan Agusta ruwan ƙasa na tasowa har ya haɗe da ramin masai.

Abin da za a iya yi: a jera zoben kankare a mita 3 na sama a liƙe haɗinsu da siminti, a gina baki mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, a yi daɓe mai faɗin mita 1.5 zuwa 2 kewaye da hanyar da ruwa zai bi ya fita, a sa murfi. Guga ɗaya tak, a rataye, kada igiya ta kwanta a ƙasa. Gidan haya inda kowace mata ke zuwa da gugarta, rijiyar ba za ta taɓa tsabta ba.

Ɗan Gyallesu: Malam, na ji ana cewa gawarwakin da aka bari a titi su ke kawo annoba a yaƙi.

Dakta Tudun Wada: Wannan ji-ta-ji-ta ce mai tsada. Wanda harsashi ya kashe ba ya ɗauke da kwalara, don haka gawarsa ba ta yaɗa ta. A binne shi da mutunci, kada a bar shi kusa da rijiya, shi ke nan. Masu rai ne ke yaɗawa. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma tana fita a bahayarsu na kwana 1 zuwa 10. A tara irin waɗannan dubu ɗari a fili babu masai. Abin da ya faru a Goma ke nan a Yulin 1994, da 'yan gudun hijirar Ruwanda suka kwararo. Ƙasar wurin dutsen aman-wuta ce, ba ta haƙuwa, kowa na bahaya a fili, kowa na sha daga tafkin Kibu. Kusan mutum 50,000 suka mutu a watan farko, kwalara da atini.

Gawar wanda kwalara ta kashe, wannan daban ce. Ita ake tsoro.

Malam na Kwarbai: Dakta, to ya za a yi da wanka da sutura? Ba za a ce wa musulmi ya binne ɗan'uwansa haka ba.

Hajiya Nas: Allah ya gafarta Malam, ba a hana ba, tsari ake so. Masu wanka su zama kaɗan, da safar hannu da abin kare gaba. A jiƙa auduga da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 a toshe baki da hanci da dubura, a shafe jiki da shi. Ruwan wankan a haƙa masa rami nesa da rijiya, kada ya bi kwata. A gaggauta jana'iza, wanda dama shi addini ya koyar. Wanda ya yi wanka kada ya taɓa girki ko rabon abinci ranar. Wurin zaman makoki ne ake kwasa: kwano ɗaya na wanke hannu yana zagaya mutum ashirin, moɗa ɗaya a randa. A zuba wa kowa ruwa daga buta, da sabulu.

Ƙarfin kulorin a wurin jinya iri uku ne, kuma a nan ake yawan rikicewa. Na kashi 2 cikin 100 don bahaya da amai da gawa. Na 0.2 don daɓe, gado, tufafi da bokitai. Na 0.05 don hannu da fata. Da garin kulorin mai ƙarfin 65 zuwa 70, na farko giram 30 ne a lita 1, na biyu giram 30 a lita 10, na uku giram 15 a lita 20. A rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙaƙe, don wanda ya wanke hannu da na kashi 2 fatarsa za ta ƙone.

Malam na Kwarbai: Madalla. Sai tambaya ta biyu. A fiƙihu ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba mai tsarki ne. Mutane na kafa hujja da wannan su ce rijiyarsu garau take, kuma su ƙi ruwan da ke warin magani.

Malama Mai Gwajin Ruwa: Allah ya gafarta Malam, hukuncin alwala naku ne malamai, sai dai a tuna ruwan famfon da alhazai ke alwala da shi a Makka da Madina ma da kulorin a ciki. Ta fuskar sha kuwa, ido da hanci ba sa kama ƙwayar cuta. A ɗakin gwaji ana tace mililita 100, a ajiye matacin a ɗumi kwana ɗaya, a ƙirga ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga. Abin da ake so sifili ne. Inda ba ɗakin gwaji akwai 'yar kwalba mai takarda a ciki: a cika ta da ruwan, a rufe, a ajiye a ɗaki. Idan ta yi baƙi cikin awa 24 zuwa 48, ruwan abin zargi ne.

Baban Khalifa: A sauko da shi ƙasa. Mai gida da jarkar lita 20 daga ɗan garuwa, me zai yi?

Malama Mai Gwajin Ruwa: Ya fara duban ruwan. Idan yana da duhu ko laka, kulorin zai ƙare a kan lakar, ƙwayoyin kuma su ɓuya a cikinta. A fara kwantar da shi: a narka ɗan alif, a juya da ƙarfi minti ɗaya, a juya a hankali minti biyar, a bar shi awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye na sama. Busasshen ƙwallon zogale da aka ɓare aka daka yana wannan aikin, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya na ruwa mai laka. Amma zogale ba ya kashe cuta, kuma ruwansa ba ya ajiyuwa, a yi amfani da shi a ranar.

Ruwan da ya washe yana son miligiram 2 na kulorin a kowace lita, wato miligiram 40 a jarkar lita 20. Ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 guda ɗaya ta ba da wannan. Idan ruwan wanki na bilic ne da aka rubuta 3.5% a jikinsa, mililita 1 da ɗan ɗori, a auna da sirinji marar allura. Ban da mai turare ko mai haɗin sabulu. A girgiza, a jira minti 30 cif. Idan ruwan bai washe sosai ba a ninka. Bayan minti 30 ya kamata a ji ɗan warin magani. Ba a ji ba, ƙazanta ta cinye shi, a ƙara irin na farko a sake jira.

Maman Ummi: Malama, ni na fi yarda da tafasawa. Yara ba sa shan mai warin nan, sai su zagaya su sha a maƙwabta.

Malama Mai Gwajin Ruwa: Tafasa ta fi kulorin kashe cuta, Yaya, wannan ba gardama. Minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, har ƙwayar Kiriftosforidiyam da kulorin ba ya iya wa. Matsalarta biyu. Gawayi ko gas na tafasa lita 30 kullum ba kowa zai jure ba, balle a garin da aka yi wa ƙawanya. Na biyu, da ya huce ba shi da mai gadi. Yaro ya tsoma moɗa da hannunsa, an koma gidan jiya. Kulorin yana barin saura a ciki, miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, shi ke kare ruwan har washegari. Wari mai ƙarfi alamar an zarce ne, yawanci saboda an auna da murfi ko da ido. A bar jarkar a buɗe kaɗan a inuwa bayan minti 30 ɗin, warin zai ragu.

Dakta Tudun Wada: Gidan da ke da jariri ko mai ciki ya tafasa nasu, sauran gida kulorin. Masu ciki saboda ciwon hanta nau'in E, mai zuwa da shawara. Ga namiji yawanci ya wuce da kansa, amma a watanni ukun ƙarshe na ciki yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. An gan shi a Difa ta Nijar da Ngala ta Barno a 2017, a cikin waɗanda rikicin Boko Haram ya kora. Shan inna ma ta wannan hanyar take bi. A Yulin 2024 aka gano ƙwayarta a ruwan najasar Gaza, a Agusta aka samu yaron da ta shanye, bayan shekara 25 babu ita a can.

Alhaji Mai Burtsatse: Me zai hana a zuba maganin a rijiyar gaba ɗaya a huta? Haka ake yi bayan ambaliya.

Malam Duba-gari: Ana yi, Alhaji, amma a san me ake yi. Bayan ambaliya irin ta Maiduguri da madatsar Alau ta fashe ranar 10 ga Satumbar 2024, dole a wanke rijiya. A kwashe ruwan da lakar, a goge bango. Idan ta sake cika a lissafa ruwan: rijiya mai faɗin mita 1 da zurfin ruwa mita 3 tana ɗauke da kusan lita 2,350. Ana son miligiram 50 a lita, wato wajen giram 180 na garin kulorin. A narka a bokitin roba, a zuba, a motsa da guga, a rufe ta kwana, a kwashe har warin ya kusa ɓacewa. Kada mutum ya shiga ciki bayan an zuba, kuma kada a sauke injin fetur cikin rami, hayaƙinsa na kashe mai haƙa.

Sai dai wannan wanka ɗaya ne. Idan masai na tsatsowa ciki, bayan kwana ɗaya ko biyu ta koma yadda take, mutane kuwa sun saki jiki an sa magani. Shi ya sa lokacin annoba ake zaunar da mutum a bakin rijiya da sirinji da ruwan kulorin mai kashi 1, duk jarkar da aka cika ya ɗiga mata. Kashi 1 ɗin giram 15 ne na gari a lita 1, cokalin cin abinci ɗaya a shafe. Don sanin adadin da ruwan wurin ke buƙata, a jera bokiti huɗu na lita 10, a sa mililita 1, 1.5, 2 da 2.5, a jira minti 30, a gwada da ƙwayar auna kulorin da ake kira DPD. Bokitin farko da ya nuna miligiram 0.5 a lita shi ne ma'auni.

Injiniya Samaru: A ga ƙanƙantar abin a lissafin sansani. Mutum 10,000 a kan lita 15 kowanne lita 150,000 ne a kwana, sawu 15 na tankar lita 10,000. Ana cika tanka da miligiram 2 a lita, giram 30 na gari kowane sawu. Duka giram 450 a kwana, bai kai rabin kilo ba. Amma a yaƙi wannan rabin kilon ne ke gagara, domin an yi amfani da iskar kulorin a matsayin makami a Iraƙi da Siriya, sai masu shinge su riƙe kayan. A shekarun 1990 takunkumin da aka sa wa Iraƙi ya takura shigo da shi. Garin kuma yana rasa ƙarfi a zafi, ba a ajiye shi kusa da mai ko a gwangwanin ƙarfe, yana iya kama wuta.

Tanka ita ce hanya mafi tsada kuma mafi saurin yankewa. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ba ta ɗaukar ruwan sha, komai wankin da aka yi mata. A Hasaka ta Siriya mutane kusan 460,000 sun dogara da tashar Aluk. Daga 2019 aka riƙa kashe ta ana kunnawa saboda rikicin masu iko da wurin, jama'a suka koma kan tankoki, a Satumbar 2022 aka ayyana kwalara a ƙasar. Yarjejeniyar Janiba kan dokokin yaƙi, a ƙarin da aka yi mata a 1977, sashe na 54 ya haramta taɓa wuraren ruwan sha. A takarda.

Ɗan Gyallesu: To gubar makaman da Baba ya fara tambaya fa?

Malama Mai Gwajin Ruwa: Tana nan, kuma ita ce ba ta da magani a gida. A Ƙayyara kusa da Mosul an cinna wa rijiyoyin mai wuta a 2016, suka yi watanni suna ci a gefen kogin Dijla. A gabashin Siriya matatun mai na gargajiya sun zubar da dagwalo a ƙasa da rafuka. A Mikolayib ta Yukren an fasa bututun da ke kawo ruwan kogin Dinifro a Afrilun 2022, aka tura ruwa mai gishiri a bututun gari, ya cinye ƙarfen.

Kulorin ba ya cire mai, dalma, gishiri ko naitiret. Tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take, tunda ruwa ke tashi su kuma su zauna. Iyakar naitiret, sinadarin da ke fitowa daga taki da najasa, miligiram 50 ne a lita. Ya wuce haka, jaririn da ake dama wa madara da ruwan yana iya yin shuɗi, jininsa ya kasa ɗaukar iska. Rijiyoyin da ke kusa da masai da gonakin da ake zuba wa taki, irin na fadamar Kubanni da Galma, su ya kamata a gwada. Dalma kuwa iyakarta miligiram 0.01 a lita, kuma mun ga aikinta a Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka mutu, ko da yake a can ƙurar dutsen zinariya ce ta fi yin ɓarnar. Rijiyar da ke warin fetur ko mai ke yawo a samanta a bar ta kawai.

Maman Ummi: Dakta, idan an riga an kamu kuma hanya ba ta biyuwa cikin dare?

Dakta Tudun Wada: Kwalara ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, cikin awoyi. Zawo fari tsululu irin ruwan wankin shinkafa, ba a jiran safiya. A fara ruwan gishiri da sukari nan take. Na leda ya fi, ɗaya a lita 1 na ruwa mai magani. Babu shi, lita 1, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Gishiri ya yi yawa yana sa yaro jijjiga, don haka a ɗanɗana, kada ya fi hawaye. Wanda ya fara bushewa ana ba shi mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4: yaro mai kilo 10, mililita 750, cokali-cokali. Ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Nono ba a dainawa. Zinc miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6.

Idanu sun faɗa, fata ba ta komawa in an ja, ba ya iya sha, wannan na ƙarin ruwa ne ta jijiya, mililita 100 ga kilo, kuma a asibiti. Yaro mai tamowa ba a yi masa da gudu haka, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, kuma a ƙasar yaƙi irinsu suna da yawa. Wanda ya yi tsanani ba a yi komai ba, rabi na iya mutuwa. Da ruwa a kan lokaci bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A daina ba da maganin tsayar da zawo daga kemis. Rigakafin kwalara na baki ma ba a jingina da shi, a Oktoban 2022 aka koma ba da shi sau ɗaya maimakon sau biyu saboda ƙarancinsa a duniya.

Malam Duba-gari: Kafin a tashi, jarkokin 'yan garuwa. A leƙa cikinsu da tocila a ga koren gansakuka. Tana cinye kulorin kafin ya yi aiki. A zuba tsakuwa ƙanana da ruwan sabulu a girgiza sosai, a ɗauraye, a sa ruwan kulorin mai kashi 0.2 cikin 100 ya kewaye ciki minti 30, a sake ɗaurayewa. Sau ɗaya a mako. Masu burtsatsen da ke sayar musu su ne ya kamata a ɗora wa wannan: ba a cika jarkar da ba murfi, kuma a sa magani a tankin sama tun kafin a sayar.

Alhaji Mai Burtsatse: Masu sayarwa za su ce kwastoma zai gudu in ya ji wari, ya koma gaba inda ba a sawa. Sai dai a yi wa unguwa duka rana ɗaya ta hannun mai unguwa. Malama, tankin lita 5,000 na ruwan burtsatse garau, nawa za a sa wanda ba zai yi wari ba?

Malama Mai Gwajin Ruwa: A fara da miligiram 1 a lita, Alhaji, rabin lita na mai kashi 1 ke nan. A zuba tun tankin yana rabi don ruwan da ke shigowa ya gauraya shi. Bayan minti 30 a gwada a famfon ƙarshe, ba a bakin tanki ba. Ya wuce 0.5 a rage gobe, bai kai 0.2 ba a wanke tankin tukuna kafin a ƙara.